Gidan da na gyara a Asokore Mampong ya ƙi fita: masu saye suna so, kuɗinsu ba ya isowa

Alhaji Tanko, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo damuwata wannan zaure ne don na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin banki, akwai lauya, akwai dillalai da malamai.

A farkon 2024 na sayi wani tsohon gida a Asokore Mampong, nan yankin Kumasi a Ghana, a hannun magada, sidi 480,000. Ɗaki uku da falo, rufi yana yoyo, bango ya sha ruwa. Na canza rufin gaba ɗaya, na sake wayar wuta, na sa tayil, na haƙa rijiyar burtsatse, na zagaye da katanga, na ƙara ɗaki biyu a baya. Gyaran ya ci 210,000. Na sa shi kasuwa a watan Maris na 2025 a kan 850,000, wato biliyan takwas da rabi ga masu lissafi da tsohon kuɗi.

Mutum uku suka taya da gaske. Na farko mata da miji ne, ita ma'aikaciyar jinya, shi malamin sakandare. Suka ce banki zai biya musu. Wata huɗu muna kai da komo, mai ƙiyasin banki ya zo ya auna ya ɗauki hotuna, daga ƙarshe aka ce ba zai yiwu ba. Matar nan da ta zo gaya mini har da hawaye. Na biyu wani ɗan'uwanmu ne da ke Jamus, mun gama magana wajen Afrilu, wata biyu bayan nan ya janye. Ta uku wata Hajiya ce mai shagunan atamfa a kasuwar Kejetia. Ta ce za ta ba ni 400,000 yanzu, sauran 450,000 ta biya cikin shekara biyu.

Abin da ya hana ni barci shi ne 200,000 a cikin jarin nan ba nawa ba ne, na abokin kasuwancina ne, kuma yana son kuɗinsa ya koma harkar shanu. Shin in ƙara jiran mai banki, ko in karɓi na Hajiya, ko in karya farashi?

Awudu Dillali:
Wa alaikumussalam Alhaji. Ni na kai maka mutum biyu a cikin ukun nan, don haka na san gidan. Gida ba shi da aibu. Kasuwa ce ta yi sanyi. Ka yi haƙuri zuwa Disamba, burgogi, wato 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, za su sauko.

Zuleiha A.:
Baba Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekara shida a sashen ba da bashi kafin in bar aikin banki, bari in faɗa maka abin da nake zaton ya faru da mata da mijin nan. Amma da farko, nawa mai ƙiyasin ya yi wa gidan kuɗi? Kuma wace takarda ce a hannunka?

Alhaji Tanko, Aboabo:
'Yata, ya ce 700,000. Na yi mamaki ƙwarai, don ni kaina na kashe 690,000. Takarda kuwa akwai ta rabon fili da sarkin wurin ya ba mahaifinsu, akwai taswirar fili, sai indencha, wato takardar cinikin gidan, da lauyan magadan ya rubuta tsakanina da su. Su biyar duk sun sa hannu.

Zuleiha A.:
To Baba, ga inda gizo yake saƙa. Banki ba ya kallon farashin da kuka yi ciniki. Yana ɗaukar wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashinka da ƙiyasin mutuminsa, sannan ya ba da kamar kashi 80 cikin ɗari na wannan. Su sun zo da lissafin za su ajiye 170,000, banki ya cika 680,000. Da ƙiyasi ya faɗo 700,000, abin da banki zai iya bayarwa ya koma 560,000. Kafin alƙalaminsu ya tashi daga 170,000 zuwa 290,000 dare ɗaya, ban da kuɗin lauya, kuɗin ƙiyasi, inshora da harajin hatimi.

Ko da sun samo wannan, akwai na biyu. A ce ruwan bashin kashi 28 ne a shekara, na shekara 15. Biyan wata zai kai kusan 13,300. A watan farko, sama da 13,000 na wannan ruwa ne zalla, abin da zai taɓa uwar kuɗi bai fi 200 da 'yan kai ba. Kuma yawancin bankuna ba sa yarda biyan wata ya wuce kamar kashi 40 na abin da mutum yake ɗauka gida. Kenan ana neman gidan da ke shigar da 33,000 kowane wata, a rubuce a takardar albashi. Baba ka dubi ma'aikaciyar jinya da malamin makaranta ka gaya mini. Ko ruwan ya sauko kashi 20, biyan wata yana kusa da 9,800, ana neman albashin 24,000 da ɗoriya.

Sai shekaru. Dole bashin ya ƙare kafin mutum ya kai 60, shekarar ritaya. Idan mijin yana da 50, shekara goma kawai za a ba shi, biyan wata ya ƙara hawa.

Shamsu:
Innalillahi. Yaya Zuleiha, kenan wanda ya ci 560,000 zai mayar da kusan miliyan biyu da dubu ɗari huɗu?

Zuleiha A.:
Haka ne Shamsu, idan ruwan ya tsaya a 28 har ƙarshe. Amma ba ya tsayawa, yawanci yana bin ma'aunin ruwa na ƙasa, ya hau ya sauka. Ka tuna hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disambar 2022, Babban Bankin Ghana ya kai nasa ruwan kashi 30 a 2023. Wanda zai ba ka bashin shekara 15 a irin wannan ƙasa dole ya tsorata. Tun tsakiyar 2025 an fara saukowa, kuma hakan zai taimaka, sai dai saukar ba ta isa teburin mai neman gida da sauri.

Lauya Rauf:
Alhaji, ranka ya daɗe, zan faɗi abin da ba zai yi daɗin ji ba. Lissafin Zuleiha daidai ne, amma ko da mutanen nan suna ɗaukar dubu hamsin a wata, ban ga bankin da zai karɓi gidanka jingina da takardun da ka lissafa ba.

Ƙasar Kumasi mafi yawanta ta sarauta ce. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada, abin da ake bayarwa haya ce mai tsawo, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa idan gidan zama ne. Takardar rabon fili da sarkin unguwa ya bayar ita ce matakin farko kawai. Daga nan sai a kai ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, a tabbatar, a shirya takardar hayar, a kai Hukumar Filaye ta amince ta yi rajista. Mahaifinsu ya tsaya a matakin farko, kamar yadda iyayenmu da yawa suka yi, don a zamaninsu shaidar maƙwabta ta isa. Banki kuwa yana tambayar kansa abu ɗaya: idan mutumin nan ya kasa biya, zan iya sayar da gidan ba tare da wani ya fito ya ce nasa ne ba? Dokar lamunin gidaje ta 2008 ta ba shi hanyar karɓe gida ya sayar, amma sai jinginar tana da rajista, kuma ba a rajistar jingina a kan abin da shi kansa ba shi da rajista.

Na biyu, gado. Sa hannun 'ya'ya biyar bai wadatar ba a idon doka. Ana buƙatar takardar kotu da ta naɗa masu kula da dukiyar mamaci, sannan takardar da ta miƙa gidan ga magada, kafin su miƙa maka. Sun yi wannan? Kuma ka tabbata su biyar ne kaɗai? Mata nawa mamacin ya bari?

Na uku, ɗakuna biyun da ka ƙara. Ka karɓi izinin gini daga majalisar Asokore Mampong?

Alhaji Tanko, Aboabo:
Lauya, maganar kotu ban ji sun yi ba. An raba gadon ne a gaban limamin unguwarsu da dattawa, aka ce a sayar da gida a raba kuɗi. Mata biyu ya bari, ɗaya ta rasu. Izinin gini ban karɓa ba, na ɗauka tunda cikin katangata ne ba komai.

Lauya Rauf:
Rabon da liman ya yi yana da daraja, kuma zai taimaka sosai don ya nuna babu rigima. Amma sai an mayar da shi takardar kotu. Ɗakunan kuma ina kyautata zaton mai ƙiyasi bai sa su a lissafi yadda kake tsammani ba, tunda ba su cikin tsarin ginin da aka amince da shi. Ana iya neman a halasta su daga baya, akwai tara.

Inusa Magini:
Ni dai abin nan yana ci mini rai. Mu muka yi aikin rufin gidan nan, katako mai kyau aka sa, kwano mai kauri. Mutum ya zo da abin awo ya yi minti arba'in ya ce gidan 700 ne. Ya san nawa buhun siminti yake? Ya san nawa muka sayi tirela ɗaya ta yashi?

Zuleiha A.:
Kawu Inusa, ba raina aikinku ya yi ba. Shi ba abin da aka kashe kaɗai yake aunawa ba, yana duba nawa irin gidan ya fita a unguwar. Tayil mai tsada da silin mai ado ba sa ɗaga unguwa. Idan hanyar gidan ba kwalta, ko ruwa yana kwanciya da damina, zai rage. Har ma yana rubuta farashi na biyu, wanda gidan zai yi idan aka sayar da gaggawa, kuma wannan ne manyan banki suka fi zuba wa ido.

Inusa Magini:
To ai shi ke nan, gara mutum ya shafa fenti kawai ya sayar.

Hajiya Memuna, Tafo:
A'a Inusa, ba haka ba. Rufi da wayar wuta da ruwa, mai saye yana biyansu da farin ciki. Abin da ba ya dawowa shi ne ado.

Alhaji, ni maganar Hajiyar Kejetia ce ta sa na sa baki, don na taɓa shiga wannan rami. A ƙarshen 2021 na sayar da wani gidana a kan biya kashi-kashi, rabi hannu, rabi cikin wata goma sha takwas. Mutumin kirki ne, bai ci mini ko kwabo ba, ya biya daidai lokaci. Amma lokacin da muka yi ciniki dala tana wajen sidi shida, kafin 2022 ta ƙare ta haura goma sha huɗu. Kuɗin da ya kamata in gina wani gida da su, da suka gama shigowa ko rabin ginin ba su kai ba. Ƙarfe da siminti sun gudu sun bar ni. Ban ce kar ka yi ba, amma shekara biyu a ƙasar nan tana da tsawo. Ka matsa ta ƙara na hannu, ka rage wa'adi.

Yakubu, Bronx:
Salam daga nan Amurka. Bari in yi magana a madadin ɗan'uwan na Jamus duk da ban san shi ba, don kar a ɗauka wasa ya yi. Alhaji ya ce sun gama magana wajen Afrilu. A lokacin dala tana wajen sidi 15 da rabi, gidan 850,000 bai kai dala 55,000 ba. Zuwa Yuni sidi ya yi ƙarfi, dala ta dawo wajen 10 da rabi. Gida ɗaya, farashi ɗaya, amma ya koma kusan dala 81,000. Wanda ya yi shekara biyar yana tara kuɗi da aikin dare ina zai samo ƙarin dubu ashirin da shida cikin wata biyu? Mu nan da yawa mun dakatar da gini saboda haka. Don haka Awudu, maganar burgogi za su sauko a Disamba, za mu sauko, amma aljihunmu ba irin na 2023 ba ne.

Kuma bashin dala da bankunan gida suke ba mu, ruwansa ya fi na sidi sauƙi nesa ba kusa ba, amma su ma takardun da Lauya ya lissafa za su nema, har da shaidar albashi da tarihin bashinmu na nan.

Awudu Dillali:
Yaya Yakubu gaskiya ka faɗa. Shi ya sa na ce wa Alhaji tun farko ya sa farashin da dala.

Lauya Rauf:
Awudu, da ya sa da dala a Maris, yau da ya yi asara, ka lissafa. Dala 55,000 a kan 10 da rabi ba ta kai 580,000 ba, ƙasa da abin da ya kashe. Sannan dokar musayar kuɗi ta 2006 ba ta yarda a sa farashi da kuɗin waje ba sai da izinin Babban Banki, ko da yake kowa ya san abin da ake yi a Accra.

Ƙarin bayani ga 'yan'uwa na waje: wanda ya ajiye zama ɗan Ghana ya ɗauki na wata ƙasa, doka ba ta ba shi hayar ƙasa fiye da shekara 50. Mutanenmu na Jamus da yawa sun ajiye nasu a da, don sai a 2024 Jamus ta buɗe ƙofar riƙe biyu. A duba wannan kafin a rubuta takarda.

Shamsu:
Iyayena ku yi mini afuwa, ina da magana a gefe. Ni ina jin tausayin Baba Alhaji, amma ina jin tausayin kanmu mu ma. Gidajen nan tsofaffi su ne irin waɗanda matashi zai iya lallaɓawa ya saya ya gyara a hankali. Yanzu masu jari suna riga mu, su gyara su ninka farashi, su jira ɗan waje. Mu kuma muna nan muna biyan hayar shekara biyu gaba, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta ce. Ana cewa ƙasar nan tana da giɓin gida miliyan 1.8, ga gida a kulle wata da watanni ba mai iya saye. Wani abu bai daidaita ba.

Alhaji Tanko, Aboabo:
Shamsu, ba ka yi laifi ba. Gidan nan shekara uku yana kasuwa kafin in saya, awaki ne ke kwana a ciki. Amma na ji maganarka. Da na san haka ne da na yi gyara mai sauƙi na sa farashin da irinku za su iya kaiwa.

Hajiya Memuna, Tafo:
Shamsu ɗana, ka ƙara da cewa mu a zango ba da banki muka saba mallakar gida ba. Fili ake saye, a ajiye bulo ɗari biyu bana, baɗi a ɗaga zuwa taga, adashi ya fito a yi rufi. Shekara goma gida ya tashi. Gidan da aka gama, mai neman kuɗi dunƙule, masu iya sayensa kaɗan ne: babban ɗan kasuwa, ko ɗan waje, ko babban ma'aikaci. Duk wanda zai shiga sana'ar gyara da sayarwa ya fara sanin a cikin ukun nan wa yake yi wa gyaran.

Malam Bashir, Sawaba:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ina mamakin yadda aka yi ta lissafin ruwa kashi kaza kashi kaza ba wanda ya ce uffan a kan hukuncinsa. Bashin da za a mayar da ƙari riba ce, kuma hadisi ya tabbata cewa la'anar ta haɗa mai ci, mai bayarwa, marubuci da shaidu. Alhaji, wataƙila Allah ya tsare ka ne da cinikin farko bai faɗa ba.

Zuleiha A.:
Allah ya gafarta Malam, wannan dalilin ne ma ya fitar da ni daga aikin. Amma ina da tambaya. Shi Baba Alhaji gida ya sayar, halas ɗinsa. Inda mai saye ya samo kuɗi ya shafe shi? Mata da mijin nan ma ba a ce mana Musulmi ba ne.

Malam Bashir, Sawaba:
Tambaya mai kyau, 'yata. Cinikin gidan kansa ingantacce ne, kuɗin da ya karɓa kuɗin gidansa ne. Inda malamai suke jan kunne shi ne ya zama shi ne mai tura mai saye banki, ko ya sa hannu a matsayin shaida a takardar bashin. A nan akwai maganganu, kuma ban so in yanke a zaure irin wannan, Alhaji ya same ni mu zauna. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne tayin Hajiyar Kejetia ba shi da wannan damuwa. Sayarwa da jinkirin biya halas ne, har ma jumhurun malamai sun yarda farashin jinkiri ya fi na hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya tun ranar ciniki, kuma kar a ƙara ko sisi idan ta makara. Sannan a rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni.

Yakubu, Bronx:
Malam, abin da ke damuna kenan. A Najeriya tun 2012 bankin Jaiz yake aiki ba ruwa. A nan Amurka ma akwai kamfanonin da ke sayen gida tare da kai, kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali har ya zama naka. Mu a Ghana shekara nawa ana magana?

Zuleiha A.:
Dokar bankuna ta 2016 ta ambaci harkar banki marar ruwa, kuma Babban Banki ya ɗauko maganar tsara ƙa'idojinta da gaske a 2025. Amma Yaya Yakubu, ko an buɗe gobe, shi ma ba zai sayi gidan da ba rajista ba. Shi ma zai tambayi Hajiyar Kejetia shaidar abin da take samu. Matsalar 'yan kasuwarmu kenan: kuɗi suna shiga suna fita ta MoMo (kuɗin waya) da hannu, ba asusun da zai nuna shekara ɗaya a jere, ba rajistar kasuwanci. Mace tana juya abin da ya fi albashin manaja, a takarda kuwa ba ta da komai.

Abu ɗaya da ma'aikata ba su cika sani ba: dokar fansho ta 2008 ta yarda mutum ya yi amfani da ajiyar fanshonsa ta mataki na biyu da na uku wajen samun gidan da zai zauna a ciki. Da takardun Baba sun cika, wannan zai iya taimaka wa mata da mijin nan wajen kafin alƙalami.

Alhaji Tanko, Aboabo:
Na gode muku duka. Yanzu na gane ba banki ne ya ƙi mutanen nan kaɗai ba, har da ni. Na zuba 210,000 a bango da rufi, ban zuba ko dubu ɗaya a takarda ba. Lauya, idan na fara gobe, wata nawa?

Lauya Rauf:
Ba zan yi maka alƙawarin wata ba, Alhaji, don ba hannuna kaɗai abin yake ba. Ka sa a ranka zai iya haura shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, da tun ranar saye aka fara da yanzu an yi nisa. Amma ga abin da za a iya yi cikin makon nan: a nemi binciken fili a Hukumar Filaye a ga sunan wa ke kan wurin, kuma ko wani ya taɓa jinginar da shi. A tara magadan tun suna raye kuma ana shiri, a shigar da neman takardar kotu. A duba bashin harajin ƙasa da na gida.

Idan za ka yi da Hajiya, ka gaya mata halin takardun ƙarara, kar ta ji a bakin wani. A rubuta yarjejeniyar sayarwa, ba miƙa mallaka ba. Takardun asali su zauna wurin lauyan da kuka yarda da shi ku biyu har ta gama biya. A rubuta abin da zai faru idan ta kasa: nawa za a mayar mata, cikin wane lokaci, wa zai ɗauki hayar watannin da ta zauna. A rubuta abin da zai faru idan ɗayanku ya rasu. Kuɗin su bi ta banki, dokar dillancin gidaje ta 2020 ma haka ta tanada, ba a jaka ba. Kuma dokar filaye ta 2020 tana neman rubutaccen amincewar matar aure kafin a sayar da abin da aka samu cikin aure, don haka ka shigar da iyalinka tun yanzu. Kar ka manta akwai harajin riba idan ka sayar, ka cire shi a lissafinka.

Hajiya Memuna, Tafo:
Kuma kar ka ba ta mabuɗi ranar farko don kunya. Idan za ta shiga, a rubuta ranar. Fitar da mutum daga gidan da ya biya rabi ba ƙaramin aiki ba ne, musamman idan kuna haɗuwa a masallaci da wurin suna.

Awudu Dillali:
Ni ina ganin idan ta kai 550,000 hannu, Alhaji ya sallama a 800,000, sauran 250,000 cikin wata goma sha biyu. Ya sallami abokinsa, ya sami na bin takardu. Na san tana da shago ɗaya da take son saki.

Malam Bashir, Sawaba:
Idan an tsaya a 800,000 to 800,000 ne har ƙarshe, ko dala ta hau ko ta sauka. A faɗa mata wannan, shi ma Alhaji ya sa a ransa.

Shamsu:
Baba Alhaji, ɗakuna biyun na baya fa? Idan cinikin ya ja lokaci, ba za ka ba da su haya ba? Ina da aboki sabon aure yana nema.

Lauya Rauf:
Shamsu, a bari tukuna. Gida mai ɗan haya a ciki ya fi wuyar sayarwa, kuma idan ya karɓi hayar shekara ya ɗaure kansa.

Alhaji Tanko, Aboabo:
Na yi magana da babban ɗan mamacin yanzu bayan la'asar. Ya ce ba su da matsala da zuwa kotu, sai dai ƙanwarsu ɗaya tana aure a Tamale, ɗaya kuma yana Libiya, an kwana biyu ba a ji daga gare shi ba. Lauya, zan zo ofishinka Litinin da takardun duka. Awudu, ka gaya wa Hajiya ina son mu zauna ranar Laraba, ta zo da wanda ta yarda da shi, zan faɗa mata komai game da takardun da bakina. Malam, zan biyo ta Sawaba bayan sallar Juma'a in Allah ya yarda.

Lauya Rauf:
Allah ya kai mu. Ka taho da indenchar da hoton katin Ghana na duk wanda ya sa hannu. Na Libiyan nan, a tambayi mahaifiyarsa lambar da ya kira ta da ita ta ƙarshe, mu fara daga nan.